Jeff Rosenstock, mawaƙin da ya daina jiran izinin kowa kafin ya saki waƙa

Idan ka zauna ka ƙirga abin da Jeff Rosenstock ya fitar tsakanin 2005 da 2023 sai kanka ya ɗaure. Faifai bakwai da tawagarsa ta Bomb the Music Industry!, wasu bakwai kuma da sunansa shi kaɗai, ban da waɗanda suka yi da abokinsa Chris Farren a ƙarƙashin sunan Antarctigo Vespucci, ban da na wasu mawaƙan da ya yi wa furodusa, ban da kiɗan wani katun na yara da ya shafe shekaru yana haɗawa kashi bayan kashi. Kuma kusan duk nasa na kansa za ka iya shiga intanet ka sauke kyauta, in ka ga dama ka ba da wani abu, in ba ka da shi ka ɗauka ka yi gaba babu mai harararka. Mutane da yawa in suna maganarsa sai su tsaya a kan kirki, wai mutumin kirki ne mai kyauta. Eh gaskiya ne, amma ni a ganina kyautar nan ita ce ma hanyar aikin, ita ce ta sa waƙoƙin suka yi yawa haka, don tun da ya cire maganar sayarwa daga gabansa babu wanda ya rage da zai ce masa dakata tukuna.

An haife shi a 1982 a wani gari da ake kira Baldwin a yankin Long Island, gefen birnin New York na Amurka. Irin garuruwan nan na bayan birni da yara ke tashi babu wurin zuwa sai gidan aboki da garejin mota. Yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka, a 1995, suka kafa tawagar The Arrogant Sons of Bitches, suna yin ska haɗe da punk. Ska asalinsa kiɗan Jamaika ne mai kayan busa da tsalle-tsalle, samarin Amurka suka ɗauka suka ƙara masa gudu da hayaniyar jita. Shi kuwa pop punk da aka fi danganta Jeff da shi yanzu, abin da ake nufi shi ne waƙa gajera, minti biyu zuwa uku, ganga na gudu kamar ana kora, jita na ƙara, amma karin waƙar mai daɗi ne mai sauƙin kamawa, da amshin da ɗaki guda zai iya ɗauka da ƙarfi tun a ji na biyu. Tawagar Ramones ne suka share hanyar tun daga 1974 a New York, Descendents suka ɗora a Kalifoniya, sai Green Day suka kai abin kasuwar duniya a 1994. To a cikin wannan ruwan ya tashi.

Tawagar farko ta yi kusan shekara goma tana fama, yawo a mota gari-gari, buga riguna, ƙoƙarin a san da su, sai ta watse a 2004. Albam ɗin da suka daɗe suna dafawa ma bai fito ba sai 2006, bayan kowa ya kama gabansa. Wannan abin ya kamata a riƙe shi, domin shi ne ya koya masa abin da jira ke yi wa waƙa, ka rubuta abu kana jin zafinsa yau, kafin ya isa kunnen mutane shekara biyu ta wuce kai kanka ka zama wani mutum daban.

Kuma a tuna wane lokaci ne wannan. Napster, manhajar raba waƙoƙi a intanet, ya fito a 1999, matasa suka shiga musayar waƙoƙi kyauta, aka rufe shi a 2001, sannan a Satumbar 2003 ƙungiyar manyan kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta fara maka ɗaiɗaikun mutane a kotu, mutum 261 a tashin farko, saboda raba waƙa a intanet. Wato masana'antar ta koma faɗa da masu sauraronta. Ana cikin haka ne Jeff ya shige ɗakinsa da laftof da makirfo, ya buga jita da kansa, ya yi busa da kansa, ya sa kwamfuta ta yi masa ganga, ya rera, ya haɗa, ya ɗora a intanet a farkon 2005 ya ce kowa ya ɗauka. Da sunan Bomb the Music Industry! ya fitar da shi, sunan albam ɗin ma Album Minus Band, wato albam babu tawaga, don da gaske babu tawagar. Kafin shekarar ta ƙare ya saki na biyu, a 2006 na uku. Sautin ba mai tsafta ba ne, wani wurin muryar na fashewa, gangar kwamfutar na gudun da ɗan Adam ba zai iya ba, amma waƙoƙin na da rai kuma sun fito a lokacin da yake jin su.

Bari in ɗan tsaya in faɗi abin da ya kauce wa, don in ba a gane shi ba ba za a ga girman abin ba. A tsarin da aka saba, kamfani ne zai ba mawaƙi kuɗin gaba ya shiga situdiyo, kuɗin nan kuwa ba kyauta ba ne, daga kason mawaƙin za a cire shi in faifai ya fara ciniki, kuma sai an gama cirewa kafin ya ga ko sisi. Tunda kamfani ya zuba kuɗi dole ya sa baki, wace waƙa za ta fara fita, wane wata, a jira a gama talla, a jira 'yan jarida su samu kwafi, kar a saki wani faifan kusa da wannan don kar su kashe wa juna kasuwa. Shi ya sa za ka ga mawaƙi mai waƙa 50 a aljihu yana fitar da 12 duk bayan shekara biyu ko uku. Jeff bai ci bashin kowa ba, saboda haka ranar da ya gama ita ce ranar fita. A 2006 ya buɗe Quote Unquote Records, kamfanin faifai na intanet da ke tafiya a kan gudummawa kawai, shi da wasu ƙananan mawaƙa suna ɗora kayansu. Wannan fa kafin 'yan tawagar Radiohead ta Ingila su girgiza duniya a Oktoban 2007 da tsarin biya abin da ka ga dama, kuma kafin a buɗe Bandcamp, shafin da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu kai tsaye, a 2008. Bambancin shi ne Radiohead attajirai ne da miliyoyin masoya, shi kuwa yaro ne da ke neman kuɗin haya.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wurin wasa. 'Yan Bomb the Music Industry! sun kafa wa kansu doka cewa tikiti ba zai wuce dala 10 ba, kuma sai inda kowane mai shekaru zai iya shiga. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne a Amurka, domin yawancin ƙananan wuraren kiɗa mashaya ne, ribarsu daga giya take, doka kuma ta ce sai mai shekara 21 zai sha, to da yawansu sai su hana yara shiga gaba ɗaya. Duk wanda ya ce shi sai inda ɗan shekara 16 zai shiga, ya rufe wa kansa ƙofofi da yawa ke nan, sai ya koma ɗakunan ƙasa na gidajen mutane da tsofaffin sito da zaurukan haya. Tawagar Fugazi ta Ian MacKaye a Washington ta riga su yin irin haka da tikitin dala 5, daga can aka gaji ɗabi'ar. Maganar riga kuwa, a shekarun farko ba sa sayarwa. Ka zo da farar rigarka daga gida, su kuma sun zo da kwali da aka yanke sunan tawagar a jiki da gwangwanin fentin feshi, a shimfiɗa rigar a ƙasa a bakin ƙofa ko a wurin ajiye motoci, a ɗora kwalin a fesa, ka ɗaga ta tana ɗigar fenti kana riƙe da ita nesa da jikinka har ta bushe. Kowace riga da irin karkacewarta. In ka kawo faifan CD wanda babu komai a kai a zuba maka waƙoƙin. In kuma ka koyi wata waƙarsu a gida, ka zo da jitarka ko abin busarka ka hau dandamali a yi da kai. Akwai lokutan da Jeff ke fita yawon wasa daga shi sai jita da iPod, ya danna kiɗan ya fito ta lasifika shi kuma ya ɗora murya, duk wanda ya iya wani sashe a cikin 'yan kallo ya taso ya cike gurbi.

Wani zai ce wannan ai shirme ne ba sana'a ba. Amma duba abin da ya haifar, yaron da ya hau dandamali ya buga waƙa ɗaya da su yana ɗan sakandare, wannan ba zai taɓa zama ɗan kallo kawai ba kuma, ya zama ɗan gida. Irin waɗannan ne bayan shekara goma suka zama masu aiki da albashi, wasu suka zama 'yan jarida, wasu suka kafa tasu tawagar, kuma su ne suka riƙa sayen faifan garmaho na albam ɗin da suke da shi kyauta a waya tun tuni. A hankali tawagar ta zama ta mutane na gaske, a 2007 suka ɗauki albam ɗin Get Warmer da cikakkun makaɗa lokacin yana zaune a Athens ta jihar Jojiya, Mike Park na Asian Man Records, wanda shi ma daga garejin gidan iyayensa yake tafiyar da kamfaninsa a Kalifoniya, ya buga musu faifai na hannu. Laura Stevenson ta yi zama a cikinsu kafin ta yi suna da nata waƙoƙin. John DeDomenici mai jitar bes kuwa har yau suna tare.

Sai dai kar a ɗauka abin daɗi ne zalla. Tikitin dala 10 in aka raba wa mutum biyar ko shida bayan an cire man mota babu abin da ke saura, kwana a ƙasan ɗakin wanda ka haɗu da shi yau, dawowa gida a nemi ɗan aikin wucin gadi a tara na haya sannan a sake fita. Wannan rayuwar tana yiwuwa ga ɗan shekara 23, amma da aka doshi 30 sai ta fara ciwo. Bayan albam ɗin Vacation na 2011, wanda da yawa ke cewa shi ne mafi kyawun aikinsu, sai suka sanar a 2012 cewa za su dakata, a Janairun 2014 suka yi wasannin bankwana a Brooklyn, wani sashe na birnin New York. Ba rigima ce ta raba su ba, rayuwa ce kawai, kowa na da abin da ke jiransa.

A nan ne nake ganin ainihin halin mutumin ya fito. Yana da shekara 31, tawaga biyu sun mutu a hannunsa, abokan makarantarsa sun yi aure sun sayi gidaje, shi kuma bai ajiye komai ba. Maimakon ya ɓoye wannan sai ya mayar da shi waƙa. Albam ɗinsa We Cool? na 2015 kusan gaba ɗayansa a kan haka yake, jin kunyar an bar ka a baya, zumuncin da ke yin sanyi don kullum kana hanya, shaye-shaye don gudun tunani, da ciwon damuwa da fargaba da bai taɓa ɓoye cewa yana fama da su ba. Wannan karon ya yarda ya yi aiki da wani matsakaicin kamfani, SideOneDummy, amma albam ɗin ya fito kyauta a Quote Unquote ma. Kamfani ya sayar da faifai, wanda ba shi da kuɗi ya sauke. Wannan sharaɗin bai sake shi ba ko da ya koma kamfanin Polyvinyl daga baya.

Sai albam ɗin WORRY. a Oktoban 2016, wanda shi ne ya fito da shi fili yana ɗan shekara 34, shekarun da a wannan harkar ake ganin mutum ya gama yayi. Waƙa 17 ne cikin ƙasa da minti 40, an ɗauka a Kalifoniya tare da Jack Shirley, injiniyan sautin da ya riƙe tun daga lokacin. Rabin farko waƙoƙi ne cikakku, amma rabi na biyu ya jera gajeru-gajeru yana ɗinke su ba tare da numfashi a tsakani ba, wata minti ɗaya da rabi, wata ko minti ba ta kai ba, wannan ta zo da ska, kafin ka gama gyara zama ta rikiɗe ta koma ihu da gudu na daƙiƙa 30, daga nan ta faɗa cikin wani amshi mai taushi da za ka rantse ka taɓa jinsa. Wannan aikin wanda ya rubuta ɗaruruwan waƙoƙi ne, ya san daidai inda waƙa ta gama faɗin abin da ke bakinta, ba ya ja mata rai don ta cika minti uku. Masu cewa yawan fitarwa na rage inganci su saurari wannan rabin, domin yawan ne ya ba shi hannun. Abin da yake magana a kai kuma abin da ke faruwa a unguwarsa ne, soyayya da aure a gefe guda, a ɗaya gefen kuɗin haya na tashin gwauron zabi a Brooklyn ana korar talaka, wuraren da suka taso suna wasa ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. A 2014 kaɗai an rufe 285 Kent da Death By Audio da Glasslands, duk a unguwar Williamsburg ta Brooklyn, Shea Stadium na Brooklyn ya biyo baya a 2017. Ya kuma taɓo kisan da 'yan sanda ke yi, da yadda kamfanonin intanet ke mayar da rayuwar mutum hajar talla.

Da suna ya zo sai jarrabawar ta canza. A 2017 aka gayyace shi bikin kiɗa na Pitchfork a Chicago, irin taron da tallan kamfanoni ke rataye ko'ina, ga shi kuma yana da waƙar da ke sukar irin waɗannan bukukuwan. Ya je, amma yana kan dandamali ya faɗa wa jama'a cewa dala 7,500 aka biya su. Mawaƙa ba sa faɗin irin wannan, sirri ne tsakaninsu da masu shiri. Ni ina ganin daidai ya yi, don bai yi kamar shi tsarkakakke ne da ba ya taɓa kuɗi ba, ya karɓa kuma ya faɗi nawa ne, ƙananan mawaƙan da ke wurin su san farashin kasuwa.

Daga nan sai gudu. Ran 1 ga Janairun 2018 mutane suka tashi suka tarar da sabon albam ɗinsa POST- a intanet babu sanarwa babu talla, ya rubuta yawancinsa ne a tsaunukan Catskill bayan rantsar da Donald Trump, an ɗauka a ƙarshen 2017, cikin 'yan makonni ya fito, kuma kashi 10 cikin 100 na cinikin intanet ya tafi ga taimakon Puerto Rico da guguwa ta ɗaiɗaita. A Fabrairun 2019 ya cika zauren Bowery Ballroom na New York dare huɗu. A Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona kowa na ɗage fitar da albam don babu damar yawon wasa, shi sai ya saki NO DREAM haka nan kwatsam. Shekara na zagayowa suka sake ɗaukar albam ɗin gaba ɗaya da salon ska, kowa daga gidansa yana turo nasa sashen, suka sa masa SKA DREAM. Sun sanar ran 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke zolayar juna, kowa ya ɗauka wasa ne, sai ga shi ya fito ran 20 ga wata. Babu kamfanin da zai zauna ya tsara maka irin wannan, sai wanda ya saba yin abin da ya ga dama tun ba shi da kowa.

Amma ba zan ɓoye wani abu ba, don in an ɓoye shi nazarin ya zama yabo kawai. Abin da ya ba shi kwanciyar hankalin kuɗi ba gudummawar masoya kaɗai ba ce. Daga 2018 har aka kammala shirin a 2025 shi ne ya riƙa haɗa kiɗan katun ɗin Craig of the Creek na tashar Cartoon Network, kashi sama da 150, kowanne kusan minti 11, kuma a 2020 ya bar New York ya koma Los Angeles. Wato mutumin da ya yi suna da faɗa da masana'anta, babban kamfani ne ya riƙe shi da aiki mai ɗorewa. Ban ga abin zargi a nan ba, aiki ne na hannunsa kuma ya iya, har ma ina ganin shekarun da ya yi yana haɗa waƙa shi kaɗai a laftof cikin gaggawa su ne suka sa ya iya cika alkawarin talabijin mako bayan mako. Sai dai duk matashin da zai kwaikwaye shi ya sani cewa an yi shekara fiye da goma ana hannu baka hannu ƙwarya kafin nan, kuma akwai da yawa da suka bi hanya iri ɗaya da gaskiya iri ɗaya ba su samu katun ɗin da zai ɗauke su ba. Tikitinsa ma yanzu ya wuce dala 10, dole, tunda akwai makaɗa da ma'aikata da za a biya kuma zaurukan sun girma.

Da girman zauren kuma wata matsalar ta zo. A Satumbar 2023, daidai fitowar albam ɗinsa HELLMODE, ya wallafa jerin wuraren da zai yi wasa da kason da kowanne ke yanka daga cinikin rigunansa da faifansa, wasu har kashi 20 cikin 100, alhali shi ya biya kuɗin bugawa, shi ya yi dakon kayan, wurin bai ba da komai ba sai tebur, shi kuma ba a ba shi ko kwabo daga cinikin abin sha da masoyansa suka yi. Ga mawaƙin da sauraro a Spotify ke kawo masa ƙasa da santi ɗaya a kowane ji, teburin rigar nan shi ne abincin. Maganar ta yi zafi a intanet, mawaƙa da yawa suka fito da nasu labarin. Kafin watan ya ƙare Live Nation, kamfanin da ya fi kowa riƙe harkar wasanni a Amurka, ya sanar da daina yankar kason a ƙananan zaurukansa, har da ƙarin dala 1,500 na mai da hanya a kowane wasa. Ƙungiyar masu zauruka masu zaman kansu, NIVA, ta fito ta ce wannan dabara ce ta janye mawaƙa daga ƙananan wuraren da ba su da aljihun yin haka, kuma irin waɗannan ƙananan wuraren ne suka raini Jeff tun yana zuwa da iPod da gwangwanin fenti.